Gonar Gado a Tofa: Wa Ya Kamata a Ce wa Ya Isa Haka?

Duk wanda ya bi titin Gwarzo ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya doshi Janguza da Langel, ko ya ratse ya nufi Lambu da garin Tofa, zai ga abin da idon manomi ba ya so. Gonakin da aka saba gani cike da dawa da gero da gyaɗa da wake, yanzu an kafa musu duwatsun siminti a kusurwa huɗu. Wasu an zagaye su da bulo layi uku ko huɗu, an rubuta da jan fenti cewa ba na sayarwa ba ne. Ciki babu gini, babu shuka, sai tafasa da tumfafiya. In ka tambayi asalin filayen nan, da yawansu gonakin gado ne.

Idan zancen ya tashi a majalisa ko wajen zaman makoki, hukunci ɗaya ake yankewa: 'ya'yan zamani ba su da wadatar zuci. Uba ya shekara hamsin yana zuba wa gona taki, ya rasu, ba a yi arba'in ba sun kira dillali. Malamai ma a kan mumbari nan suke karkata, su tunatar da cewa arzikin gaske na zuciya ne. Maganar gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Inda nake da ja shi ne wanda ake nuna wa yatsa. An tasa mai sayarwa a gaba da wa'azi, an ƙyale mai saye, alhali a cikin su biyun mai sayen ne ya fi cancanta a tambaye shi yaushe abin zai ishe shi.

Mu fara da lissafi, domin a nan ake yawan ɗaukar alhakin magaji. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tofa mutum 97,734, a ƙasar da faɗinta murabba'in kilomita 202 ne. Da za a raba ƙasar kaf, har da garuruwa da tituna da maƙabartu da kwazazzabai, kowane rai kimanin rabin eka zai samu. Yaran da aka haifa a shekarar da aka yi ƙidayar yau sun isa aure, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba.

A ce magidanci ya rasu ya bar eka huɗu, wanda a wannan yanki ba abin rainawa ba ne. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyar, mata huɗu, iyayensa sun riga shi, ba bashi ba wasiyya. Matan nan biyu za su raba tumunin takaba, wato rabin eka. Sauran eka uku da rabi a kasa su kashi 14, namiji ya ɗauki biyu mace ɗaya, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Kowane ɗa namiji ya tashi da rabin eka, kowace 'ya mace rubu'i. Rabin eka, in damina ta yi kyau kuma an samu taki, buhu biyu ne ko uku na dawa. Mai iyali ba za su kai shi tsakiyar rani ba. Amma rabin ekar nan, in tana kusa da titi, filoti huɗu ne masu ƙafa 50 da 100, kuma dillali zai kira masa miliyoyin da tunda aka haife shi bai taɓa riƙe irinsu ba.

Kafin a kira wannan mutum makwaɗaici, a duba abin da ke gabansa. Akwai 'yar da ta isa aure ba kayan ɗaki, akwai mahaifiya kwance ana jiran kuɗin asibiti, akwai ɗakin da damina ta rushe masa bango. Ga kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma in an karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kansa ce, gini da shuka da bishiya. Manomin da ya ga birni na matsowa ya san wata rana za a iya zuwa da na'urar awo a ce an yanka wurin. Sai ya ga gara ya sayar da hannunsa tun yana da ta cewa.

Ba yau ƙasar Kano ta fara cunkoso ba. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano, yana neman sanin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga gonakin da ba a barin su su huta. Abin da ya gani kakanninmu sun daɗe da saninsa. Da rani jakai su kai itace birni, su dawo da mangalar toka da shara da kashin dabbobi a jibge a gona. A shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe. Harawa da kara su koma ga awaki da tumaki, takinsu ya koma gona. Ba a sare ɗorawa da kuka da gawo sai da dalili mai ƙarfi. Rani kuma na saƙa ne da rini da jima da fatauci. A saman duk wannan akwai gandu: uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, kowa da 'yar gayaunarsa a gefe.

A farkon shekarun 1970 wata Baturiya, Polly Hill, ta yi bincike a Ɗorayi, ta fitar da littafi a 1977 a kan talauci da wadata a karkarar Kano. Ta tarar tun a lokacin gonaki sun tsuke, ana saye ana sayarwa, magidanta da yawa abin da suke nomawa ba ya riƙe su. Abin lura, Ɗorayin da aka zaɓa a matsayin misalin ƙauyen manoma, yau unguwa ce a cikin birni. Wanda ke son sanin gobe ta Langel da Lambu ya je ya nemi gona a Ɗorayi.

Duk da wahalarsa, wancan tsari yana da abu ɗaya da muka rasa, wato ma'aunin da mutum zai gane abin ya isa. Maigida ya san dami nawa gidansa ke ci daga kaka zuwa kaka. In ya ɗaure hakan da ɗoriya, ya fitar da zakka, ya ware iri, sai ya ce bana an samu rufin asiri, kuma ba faɗar baki kawai yake yi ba, yana iya leƙa rumbu ya gani. Rumbu yana da baki, yana cika. Kuɗi ba su da wannan iyaka, kuma naira musamman ba ta tsayawa wuri ɗaya balle a auna da ita. Wanda ya sayar da rabonsa a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya kai kuɗin banki da niyyar ya lallaɓa su, bai yi almubazzaranci ko na kwabo ba. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira, kafin shekara ta zagayo dala ta haura 1,500. Ya je Dawanau sayen hatsin da a da yake nomawa, ya tarar kuɗinsa sun zube a inda suke ajiye. Mutanen ƙauye kan ce kuɗin gona ba su da auki, wasu har su danganta abin da fushin mamaci. Ba sai an kai can ba. Kuɗi ne da suka zo dunƙule sau ɗaya a rayuwa, suka tarar da buƙatun shekara goma a layi, da dangi da suka ji labari, da kasuwar da ba ta jira.

Na taɓa halartar rabon gado a wani ƙauye na wannan yanki. An shimfiɗa tabarmi a inuwar wata tsohuwar ɗorawa da ke tsakiyar gonar. Malam ya zo da littafinsa da biro, wakilin dagaci ya zo da igiya da turaku. Can nesa kaɗan, a bakin burtali, wani mutum na zaune kan babur yana danna waya. Ba wanda ya gayyace shi a fili, amma kowa ya san sana'arsa. Da aka zo awo, ƙaramin cikin mazan ya ce, "Yaya, ni dai a fitar min da nawa ta bakin hanya." Babban ya dube shi ya ce, "Haba ƙanena, ƙasar Baba ce fa." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Yaya. Amma an ce sai an yi wa matata aiki, kuma kai ma ka san ba ni da shi." Ana cikin haka ɗan wata 'yar'uwarsu ya matso ya durƙusa gaban malam ya ce, "Allah gafarta Malam, Inna ta ce a gaya wa Kawu, tunda Malam babba ya rasu ake noma gonar nan, ko kwanon wake ba a taɓa aika mata ba." Wurin ya yi tsit. Daga ƙarshe ɗorawar ta faɗa kan iyakar mutum biyu, aka rasa yadda za a yi da ita, aka yi mata kuɗi aka sayar wa masu itace. Matan gidan da suka saba samun kalwar daddawa daga gare ta ba wanda ya tambayi ra'ayinsu.

A cikin mutanen nan ban ga wanda zan ce ya rasa wadatar zuci ba. Na ga mai buƙata, na ga wadda aka danne, na ga wanda ke son riƙe gona amma ya manta ba tasa ba ce shi kaɗai.

Idan ana zancen dukiyar gado a Kano, gidan Ɗantata ake fara ambata, kuma ana yawan fahimtar labarin a baibai. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin Agalawa fatake, yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu, kuma abin da ya samu na gado bai taka kara ya karya ba. Da fataucin goro ta ƙasar Gwanja ya tashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, tarihi ya riƙe cewa kuɗin azurfa lodin raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a watan Agusta na 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa arziki a Afirka ta Yamma. An raba gadonsa bisa shari'a, amma kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya hore su da su haɗa kai, kada su bar kamfanin ya wargaje. Abin da ya ɗore a gidan nan sana'a ce da aka koya wa yara tun suna ƙanana, da jarin da aka bari yana juyawa. Daga wannan tsatso, ta wajen uwa, Aliko Ɗangote ya fito, kuma da rancen danginsa ya fara kasuwanci a ƙarshen shekarun 1970.

To shin a can saman an taɓa jin ya isa? A 2019, a wani taro da gidauniyar Mo Ibrahim ta shirya a Abijan, Ɗangote ya ba da labarin yadda wata rana ya je banki ya ciro dala miliyan 10, ya zuba a mota ya kai gida, don kawai ya gani da idonsa ya yarda yana da kuɗi, washegari ya mayar. Shi kuwa Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a Yunin 2025 yana da shekara 94 aka binne shi a Madina, a ƙarshen 2022 ya shaida wa baƙin da suka ziyarce shi cewa ya daina jin daɗin rayuwa, tsararrakinsa sun ƙare, lokacinsa kawai yake jira. Ban kawo waɗannan bayin Allah don zargi ba. Dukiyarsu ta gina masana'antu da asibitoci da makarantu da masallatai, dubbai na ci a ƙarƙashinta. Na kawo su ne domin shaidarsu ta fi ta kowa ƙarfi: babu wani adadi da in an kai shi zuciya za ta ce to, shi ke nan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya faɗa mana cewa ɗan Adam ko ya mallaki kwari biyu na dukiya sai ya nemi na uku. Tunda haka ne, iyakar dole mutum ya kafa wa kansa ita da gangan, kuma wanda yake da halin kafa ta shi ne wanda cikinsa ya cika.

Shi ya sa nake mayar da tambayar ga masu saye. Su wane ne? Babban ma'aikacin gwamnati, ɗan siyasa, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa, wani lokacin ɗan ƙauyen ne da Allah ya buɗa masa a birni. Su ma naira suke gudu. Za su ce maka fili ba ya ruɓa, kuma don yara suke tarawa. Wasu har su kafa hujja da hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda Manzon Allah ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Amma ma'aunin da ke cikin hadisin a bayyane yake: kada 'ya'yanka su miƙa hannu ga mutane. Mai gida a birni, da shaguna, da filoti talatin a hanyar Tofa, ya daɗe da wuce wannan layi. Na talatin da ɗaya da yake ciniki yanzu, ba zai hana ɗansa roƙo ba, sai dai ya tura ɗan wani ci-rani Legas ko tuƙin A Daidaita Sahu na haya. Kuma kotunan shari'a na Kano cike suke da 'ya'yan masu irin wannan tari, 'yan uba suna shekaru suna ƙarar juna a kan takardun filayen da wasu ba su ma san inda suke ba.

Dukiyar da aka sa a sana'a da wadda aka katange ba ɗaya ba ne. Gonar da aka zagaye da bulo aka bari shekara goma ana jiran ta yi tsada, ba hatsin mai ita na da kawai ta cinye ba. Ta cinye ƙwadagon matasan da ke yin noman farko da maimai, ta cinye harawar awakin mata, ta cinye kalar gyaɗar da zawarawa da marayu ke yi bayan an cire, ta cinye zakkar da take fita kowace kaka. Mafi ƙarancin abin da mai tsoron Allah zai yi, in ya saya kuma bai tashi gini ba, ya bar tsofaffin masu ita su ci gaba da nomawa aro. Wasu suna yi, Allah ya saka musu. Da yawa kuwa tsoron kada a ce an daɗe ana noma an samu hujja ya sa sun gwammace tumfafiya ta cinye. Takarda ɗaya da sa hannun dagaci ta isa ta kawar da wannan tsoro. Limamanmu na Juma'a a Tofa da Doka da Lambu sun san ranar da waɗannan manya ke zuwa gida su zauna a sahun gaba. Huɗubar wadatar zuci ranar ta fi dacewa da ita.

Kada wani babban wa ya karanta wannan ya ɗauka na ba shi lasisin zaunewa a kan gado. Abin da ya fi komai lalata zumunci a ƙauyukanmu shi ne a ce "kada a raba gonar Baba", alhali mutum ɗaya ke nomawa yana ci. Wadda ke fara cutuwa ita ce mace: an aurar da ita wani gari, kunya ta hana ta magana, in ta yi a ce ta zo raba kan gida. Matar uba da ba ta haihu ba a sallame ta da ɗan abin da bai kai tumuninta ba. Marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan uban su girma ba su san suna da kaso ba. Wannan cin haƙƙi ne da Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kansa, kuma shi ne ke sa duk wanda ya samu dama ya fizge nasa ya miƙa wa dillali, don ya ga in ya bari ba zai taɓa ganin amfaninsa ba.

Akwai hanya tsakanin danniya da watsewa, kuma tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan hukuncin shufu'a. A mazhabar Malikiyya, in mutane sun yi tarayya a ƙasar da ba a riga an raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, sauran abokan tarayyar suna da ikon karɓar kason a kan farashin da aka saya. Maƙwabci ba shi da wannan iko, kuma da zarar an ja igiya an kafa turaku, ikon ya faɗi. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, shi ma nasa ya faɗi. Ke nan abin da muka saba yi, mu garzaya da igiya ranar rabo, shi ne ke rufe ƙofar da shari'a ta bar wa dangi a buɗe.

Abin da nake ba da shawara shi ne a gaggauta lissafi, a jinkirta igiya. Da an gama zaman makoki, malam ya fitar da kason kowa, mace da namiji, babba da jariri, a rubuta, dagaci da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Gonar kuwa, in magada sun yarda, a bar ta dunƙule. Wanda zai noma ya noma a matsayin ɗan haya ko a kan rabon amfani, kowace kaka a auna wa kowa nasa a kai masa har gida, har da wadda ke aure a Bichi ko Gwarzo. Wanda buƙata ta matsa wa ya sayar, ba mai hana shi, amma 'yan'uwa ake fara yi wa tayi, a farashin da ake saye a gari, ba farashin zumunci da ake cutar mai rauni da shi ba.

Saura kuɗin saye, domin shufu'a ba ta da amfani ga wanda aljihunsa babu komai. Kusan kowane babban gida a ƙasar Tofa yana da ɗa ko jika a birni da ke ɗaukar albashi ko yake da shago. Maimakon ya je ya sayi filoti a gonar gadon wasu, ya fara da fanso kason ƙanensa, ko da biya kaɗan-kaɗan ne, da sharaɗin in ƙanen ya samu hali zai iya dawo da abinsa. Dangi su yi asusu ko adashi don wannan kaɗai, yadda suke yi don biki. Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da attajiran yankin su ma suna da abin yi a nan: rancen da ba ruwa, na kuɗin asibiti ko na aurar da 'ya, wanda za a biya bayan kaka biyu ko uku, zai tsayar da cinikin gonaki da yawa tun kafin a kira dillali.